Hirar 'Yan Kallo a Kan Wasan Kwaikwayon Talabijin: Misalin "Simplemente María" a Ƙasar Peru

1.0 Gabatarwa

Manazarta wasan kwaikwayo sun saba duƙufa a kan abin da marubuci ya rubuta da yadda 'yan wasa suka aiwatar da shi, sai a bar 'yan kallo a baya kamar ba su da ta cewa. A wannan maƙala za mu juya akalar nazari zuwa ga 'yan kallon, musamman hirar da sukan yi a tsakaninsu bayan an kashe akwatin talabijin. Abin da muke son tabbatarwa shi ne, a cikin wannan hira ce wasa yake samun ikon sauya halayen jama'a. Za mu kafa hujja da wani wasa na harshen Sifaniyanci mai suna "Simplemente María", watau Mariya kawai, wanda aka nuna a ƙasar Peru ta Kudancin Amurka.

2.0 Irin Wasan da Labarinsa

A ƙasashen Latin Amurka ana kiran irin wannan wasa "telenovela", watau dogon labari da ake yanka shi kashi-kashi a riƙa nunawa a talabijin daga Litinin zuwa Juma'a. Yana da farko, yana da ƙarshe, kuma akan tsayar da kowane kashi daidai inda zuciyar mai kallo ta rataya.

Wata marubuciya 'yar ƙasar Ajantina, Celia Alcántara, ita ce ta ƙago labarin Mariya. Gidan talabijin na Panamericana da ke birnin Lima ya shirya shi ya nuna daga 1969 zuwa 1971, a kashi 448. Saby Kamalich ce ta fito a matsayin Mariya, Braulio Castillo kuma ya fito a matsayin malaminta Esteban.

A taƙaice, Mariya 'yar ƙauye ce da ta zo birni aikatau, ba ta iya karatu ba, ba ta iya rubutu ba. Wani saurayi ɗan masu hali ya yaudare ta, ya bar ta da ciki, aka kore ta daga aiki. Ba ta yanke ƙauna ba. Ta riƙa ɗaukar darasi wajen Malam Esteban, ta koyi ɗinki a keke, sannu a hankali ta zama mashahuriyar mai tsara tufafi, sunanta ya kai har birnin Faris. Shi kuwa Esteban ya yi shekaru yana son ta a zuci kafin a kai ga aure.

3.0 Sigogin Hirar

Idan muka dubi hirar da jama'a suka yi a kan wannan wasa, za mu ga ta kasu gida uku.

Na farko, hirar cike giɓi. Wanda aiki ya hana shi kallon kashin jiya dole ya nemi mai ba shi labari. Mai ba da labarin kuwa ba ya maimaita abin da ya gani tsurarsa: yakan zaɓi abin da ya taɓa zuciyarsa, ya ƙara gishiri, ya bar saura. Ta haka kowane mai kallo ya koma ƙaramin marubuci, labarin kuma ya isa kunnen waɗanda ba su mallaki talabijin ba.

Na biyu, hirar hukunci. A nan ake jayayya a kan wa ya kyauta, wa ya yi zalunci, da abin da ya kamata Mariya ta yi. Amfanin wannan a fili yake. Lima ta wancan zamani cike take da 'yan mata da suka sauko daga ƙauyukan duwatsun Andes suna aikatau a gidajen masu hali. 'Yar aikin da ba ta isa ta kai ƙarar uwar ɗakinta ba tana iya zargin wadda ta kori Mariya, kowa kuma ya gane inda ta dosa. Wannan shi ne a daki jaki a daki taiki: ana maganar Mariya, ana nufin kai.

Na uku, hirar hasashe, watau ƙoƙarin gano abin da zai faru gobe. Babbar tambayar da ta riƙe 'yan kallo wata da watanni ita ce ko Esteban zai buɗe baki ya nemi aurenta. Da aka ji za a ɗauki hoton ɗaurin auren a wata majami'a a Lima, sai dubban mutane suka yi dafifi a wurin, wasu da kayan ado, wasu ɗauke da kyaututtuka, kamar dai bikin 'yar uwarsu ake yi. Ba mu ɗauki wannan a matsayin rashin sanin bambancin wasa da gaske ba. Mutanen da suka daɗe suna tattauna al'amarin Mariya da maƙwabtansu sun ga suna da haƙƙin halartar ƙarshensa.

4.0 Daga Hira Zuwa Aiki

Arvind Singhal da Rafael Obregón da Everett Rogers sun bi diddigin tarihin wasan a wani nazari da suka buga a 1994. Sun nuna cewa a lokacin da ake nuna shi cinikin keken ɗinki na Singer, irin wanda Mariya take aiki da shi, ya ƙaru, haka kuma 'yan aikatau da yawa sun shiga azuzuwan yaƙi da jahilci da na koyon ɗinki. Masu shirya wasan ba su yi niyyar ilmantarwa ba, riba suka nema.

To, ta yaya kallo ya zama aiki? A ganinmu, mutum ba ya tashi daga gaban talabijin ya wuce makaranta kai tsaye. Sai ya fara furta sha'awarsa ga wani, ya ji ba a yi masa dariya ba, ya sami abokin tafiya. 'Yar aiki kuma sai ta nemi izni a gidan da take, neman iznin kuwa ya fi sauƙi idan ita da uwar ɗakin sun riga sun yabi himmar Mariya tare.

Miguel Sabido na gidan talabijin na Televisa a Meziko ya yi nazarin nasarar wannan wasa, ya shirya "Ven conmigo" a 1975 da gangan don jawo manya zuwa ga karatu. Abin lura shi ne, labarin nasa ya ginu a kan ƙungiyar mutane masu karatu tare, kuma akan rufe kashi da ɗan jawabi mai nuna wa mai kallo inda zai dosa. Watau ya tanadi abin da hirar za ta kama.

5.0 Hattara

Wajibi ne mu yi taka-tsantsan. Ƙaruwar ciniki da cikar azuzuwa sun zo a zamanin gwamnatin soja ta Janar Juan Velasco Alvarado, wadda ta hau mulki a 1968 da manufofin gyaran ilmi da rabon ƙasar noma, saboda haka ba daidai ba ne a jingina kome ga wasa shi kaɗai. Har ila yau, labarin ya ɗora nasara a kan himmar mutum ɗaya. Hirar da ta tsaya a yabon Mariya tana iya mantar da jama'a batun ƙarancin albashi da tsawon lokacin aikin dubban 'yan matan da ba za su taɓa ganin Faris ba.

6.0 Kammalawa

Mun ga cewa 'yan kallo suna cike giɓin labari, suna yanke hukunci, suna hasashe, kuma ta waɗannan hanyoyi suke mayar da labarin nasu. Saboda haka muna ba manazarta shawara su riƙa tattara abin da 'yan kallo suke faɗi da irin kulawar da suke bai wa rubutun wasa. Mai son ilmantar da jama'a ta hanyar wasan kwaikwayo kuma ya tambayi kansa tun kafin ya ɗora alƙalami: me mutane za su tattauna gobe da safe, da wa, kuma ina za su nufa idan hirar ta ƙare?