Tsattsewar gaɓa: tsuntsuwar da ke haihuwa a Turai, amma rayuwarta na hannun damanar Sahel

Duk wanda ya taɓa tsayawa bakin kogin Isa ko gefen wani tafki da maraice a lokacin hunturu, ya san ƙananan tsuntsayen nan masu shawagi dab da ruwa, suna kai da komowa ba hutu. Mu dai tsattsewa muke ce musu gaba ɗaya. Sai dai ba iri ɗaya ba ne. Akwai ƴar gida, wadda ke gina sheƙa da laka a zaure ko a masallaci. Akwai kuma baƙuwa, wadda ba ta taɓa yin ƙwai a ƙasarmu ba, tana zuwa ne cin rani kawai daga Turai.

Wannan baƙuwar ita ce masana suka raɗa wa suna Riparia riparia, daga kalmar Latin mai nufin gaɓar kogi. Faransawa na kiranta hirondelle de rivage. Da Hausa sai mu ce tsattsewar gaɓa. Tsawonta bai wuce santimita 12 zuwa 13 ba, nauyinta kuma giram 13 ko 14, wato kamar ƙwayar sukarin shayi uku. Bayanta ruwan ƙasa ne, cikinta fari, da wani zane ruwan ƙasa da ya ratsa ƙirjinta kamar ɗamara. Da wannan zanen ake bambanta ta da ƴan uwanta.

Ba ta cin hatsi, don haka manomi ba shi da wata rigima da ita. Abincinta ƙwari ne masu tashi: sauro, ƙananan ƙudajen ruwa da makamantansu, kuma a sararin sama take cafke su. Ko ruwa za ta sha, tana tafe ne ta ɗan taɓa shi da baki ta wuce. Da dare sukan taru da yawa su kwana cikin dogayen ciyayin da ke tsirowa a ruwa.

Daga watan Maris take fara isa Turai, tana cikin tsuntsayen farko da ke komawa can bayan sanyi. Ba ta gina sheƙa da laka. Rami take haƙawa da baki da farata a jikin gaɓar kogi mai rairayi, ko a wuraren da ake haƙar yashi, zurfinsa daga rabin mita har zuwa mita guda. A ƙarshen ramin take shimfiɗa ciyawa da gashin tsuntsu, ta zuba fararen ƙwai huɗu ko biyar. Mace da namiji ne ke karɓa-karɓa wajen kwanci na kusan mako biyu, bayan kamar mako uku kuma ƴaƴan su tashi. Sau da yawa sukan yi ƙyanƙyasa biyu a shekara, kuma gaɓa ɗaya na iya ɗaukar ɗaruruwan ramuka.

Daga Agusta zuwa Satumba sai su juyo kudu. Su ƙetare Bahar Rum, su ƙetare Sahara, tafiyar da hamadarta kaɗai ta haura kilomita 1,500. Inda suke sauka shi ne dausayin Sahel: kwarin kogin Senegal, fadamun kogin Isa a tsakiyar Mali, da Tafkin Cadi. Tafiyar na cin rayuka, shi ya sa galibinsu ba su wuce shekara biyu a duniya.

Shekaru aru-aru Turawa ba su san inda tsattsewa ke ɓacewa da sanyi ba. Har masana irin su Carl Linnaeus, wanda ya rubuta wannan tsuntsuwa a kundin kimiyya a 1758, sun yarda cewa tsattsewa na kwantawa ne a ƙarƙashin ruwa har sanyi ya wuce. Abin da ya tabbatar da ainihin inda take zuwa shi ne zobe. A 1899 wani malamin makaranta ɗan ƙasar Denmark, Hans Christian Mortensen, ya fara sanya wa tsuntsaye zoben ƙarfe mai lamba a ƙafa. Da wannan dabara aka riƙa kama tsattsewar da aka yi wa zobe a Birtaniya a can Senegal.

Nan ne labarin ya haɗu da namu. A bazarar 1969 masu ƙirgar tsuntsaye a Birtaniya suka ga ramuka da dama sun zama kango, tsattsewar gaɓa ba ta dawo kamar yadda ta saba ba. Da aka bi sawu, sai aka gano damanar 1968 ta gaza a Sahel. Wannan shi ne mafarin farin da ya kai ga yunwar 1973 da 1974, wadda ta halaka dabbobi da mutane a Nijar, ta kuma kasance cikin dalilan da sojoji suka bayar lokacin da Seyni Kountché ya kifar da gwamnatin Diori Hamani a Afrilun 1974. Da fari ya sake tsananta a 1983 da 1984, adadin tsuntsuwar ya sake faɗuwa a Turai. Tafkin Cadi, wanda faɗinsa ya kai kimanin murabba'in kilomita 25,000 a farkon shekarun 1960, ya koma ƙasa da kashi ɗaya cikin goma na hakan a tsakiyar shekarun 1980.

Dalilin a fili yake. Idan ruwan sama ya yi ƙaranci, fadamu kan bushe da wuri, ƙwari su ragu. Ita kuwa tsattsewa sai ta tara kitse kafin ta tunkari Sahara a watan Maris, domin kitsen shi ne guzurinta. Wadda ba ta ƙoshi ba, a hanya take faɗuwa. Wani masani ɗan ƙasar Hungary, Tibor Szép, da ya daɗe yana nazarin wannan tsuntsuwa a gaɓar kogin Tisza, ya nuna a 1995 cewa yawan waɗanda ke tsira su dawo na tafiya ne da yawan ruwan da aka samu a Sahel.

Ba fari kaɗai ke barazana gare ta ba. A Turai ana daddaɓe gaɓar koguna da siminti da duwatsu, sai ta rasa wurin haƙa rami. A nan kuma yashi na cike tafkuna, gonaki na matsowa har bakin ruwa, maganin ƙwari na ƙara yawa a lambuna. Nijar ta shiga yarjejeniyar Ramsar ta kare dausayi tun 1987, kuma ɓangarenta na Tafkin Cadi da tafkin Tabalak a jihar Tawa na cikin wuraren da aka yi wa rajista. Amma rajista a takarda ba ta hana tafki ƙafewa. Ruwan da wannan tsuntsuwa ke nema shi ne dai wanda masunci da makiyayi da mai noman rani ke dogaro da shi.

Ga ƴan uwanmu da ke zaune a Faransa, Beljiyam ko Jamus, idan Afrilu ya kama ku leƙa bakin kogi mafi kusa. In kun ga ƙananan ramuka jere a jikin gaɓa, da tsuntsaye masu ɗamara a ƙirji suna shiga da fita, to makonni kaɗan da suka wuce suna kiwo ne a Sahel. Yawansu kuma zai ba ku labarin yadda damanar bara ta kasance a wannan yanki namu.