Warware manhaja don gano ɓaraka: sana'ar da matasan Damagaram za su iya koya

A Damagaram, tura kuɗi ta Nita, Amana ko Airtel Money ya zama ruwan dare, daga 'yan kasuwar Dole har zuwa iyayen da ke aika wa 'ya'yansu ɗalibai kuɗin abinci. Kowace irin wannan hidima tana tafiya ne a kan manhaja, kuma ba a rasa kuskure a abin da hannun mutum ya rubuta. Irin wannan kuskuren shi ne ɓarakar da ɓarayin intanet ke nema.

Tsakanin 2018 da 2022, wani gungun 'yan kutse masu magana da Faransanci da aka laƙaba wa suna OPERA1ER ya sace aƙalla dalar Amurka miliyan 11 daga bankuna da kamfanonin sadarwa, akasari a Afirka. Rahoton da kamfanin Group-IB ya fitar tare da Orange a watan Nuwamba na 2022 ya lissafa Nijar cikin ƙasashen da abin ya shafa. A 2023, 'yan sandan Interpol suka sanar da kama wani da ake zargin jigo ne a gungun, a ƙasar Kodebuwa.

Ɗaya daga cikin makaman da masu tsaro ke fuskantar irin waɗannan mutane da su shi ne warware manhaja, abin da Faransawa ke kira rétro-ingénierie. Kamar yadda baduku ke farke ɗinkin jakar da wani ya yi don ya ga yadda aka yanka fatar, haka mai binciken ke yi. Manhajar da ke cikin wayar salula ba ta zuwa da rubutun da maginanta suka yi, an riga an juya shi zuwa harshen na'ura. Mai binciken yakan mayar da shi yadda zai karantu, ya bi shi layi-layi yana duba inda aka manta tantance lambar sirri, ko inda aka bar mabuɗi a fili. Haka kuma yakan farke manhajar ɓarayi don a san abin da take yi.

Amfanin wannan ya fito fili a watan Mayu na 2017, lokacin da manhajar WannaCry ta kulle kwamfutoci a ƙasashe kusan 150. Wani matashi ɗan Ingila mai shekara 22, Marcus Hutchins, ya bincike ta, ya ga tana neman wani adireshin intanet da ba shi da mai shi. Da ya yi rajistar adireshin, sai yaɗuwarta ta tsaya.

Koyon sana'ar ba ya bukatar kuɗi mai yawa. Ana farawa da harshen C, sannan harshen na'ura na assembleur. Manhajar Ghidra, wadda hukumar leƙen asirin Amurka ta NSA ta saki a 2019, kyauta ce, haka ma jadx da ake buɗe manhajojin Android da ita. Dandalin Root-Me yana da darussan gwaji da Faransanci, abin da ya dace da ɗaliban jami'ar André Salifou da ma masu gyaran salula da suka yi lakkwal. Abin da ya fi wuya shi ne haƙuri, don ƙaramar manhaja ɗaya kan ci kwanaki.

Sai dai akwai iyakar da bai kamata a tsallake ba. Dokar Nijar ta ranar 3 ga Yuli 2019 kan laifukan intanet ta tanadi ɗauri da tara ga wanda ya kutsa cikin na'urorin wani ba da izini ba. Don haka mai koyo ya tsaya kan kwamfutarsa da dandalin gwaji. Idan kuma zai binciki na'urorin wani kamfani ko banki, sai da izininsu a rubuce, kuma ɓarakar da ya gano su zai fara sanar wa a asirce, su toshe ta kafin labari ya kai kunnen ɓarayi.