Murar Kaji A Bunkure Da Kura: Kafso Ba Zai Ceci Akurki Ba

Duk wanda ya taɓa kwana a ƙauyukan Bunkure ko Kura a tsakiyar hunturu ya san wannan sauti. Bayan sallar isha'i, gari ya yi tsit, sai ka jiyo kakari daga akurki kamar an shaƙe wuyan kaza. Da safe a tarar da ita takure a gindin bango, fikafikai a sake, baki buɗe tana neman iska. Uwargida ta ce mura ce, ta aiki yaro kemis ya sayo kafso, a fasa a ruwa, a haɗa da barkono ko gautan kaji. Kafin mako ya zagayo, garken da ya cika tsakar gida ya koma kaza biyu ko uku.

Wannan asara ba ta shiga lissafin kowa. Idan hukuma ta tuna da yankin, shinkafa da tumatir da alkama take tunawa, da ruwan madatsar Tiga da ke ratsa gonakin Kadawa. Alhali kajin nan su ne asusun matan karkara. Da su ake zubin adashe, da su ake sayen maganin yaro, da su ake tara kayan ɗakin 'ya.

Kuskuren farko yana cikin kalmar mura kanta, domin cututtuka daban-daban muka tara a ƙarƙashinta. Akwai wadda ke kumbura fuska da ido, hanci na zubar da majina mai wari. Akwai mai sa tari da atishawa na tsawon makonni, kaza ta rame ta rage ƙwai. Waɗannan biyu suna jin magani idan likitan dabbobi ne ya zaɓa, ya kuma faɗi adadi da kwanaki. Akwai kuma shaƙewar da 'yan tsaki ke samu daga buntun shinkafar da aka shimfiɗa musu, in ya jiƙe ya yi funfuna. A yankin da injinan casa suka sa buntu ya zama kusan kyauta, wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma maganinsa shara da rana da iska.

Amma mai share akurki gaba ɗaya ita ce wadda likitoci ke kira Niyukasil, sunan garin Ingila da aka gan ta a 1926. Alamunta sun haɗa da kakari, da koren kashi, da murɗewar wuya har kaza ta riƙa juyi kamar mai farfaɗiya. Ta fi tsanani a hunturu. Ƙwayar da ke kawo ta irin wadda kafso ba ya kashewa ce, ko da an juye kemis ɗin duka a kaskon ruwa. Abin da kawai ake samu shi ne ɓarnar kuɗi, da ragowar magani a nama da ƙwan da yara za su ci.

Abin takaici, rigakafinta na nan a ƙasar nan. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta ƙasa da ke Vom, a Jihar Filato, tana sarrafa shi, har da nau'in I-2 da masana a Ostireliya suka samar musamman don kajin ƙauye, saboda ya fi sauran jure zafi. Ba allura ba ce. Ɗigo ɗaya ne a idon kowace kaza, a maimaita duk bayan wata uku zuwa huɗu. Sharaɗinsa a yi shi tun kaji na da lafiya, wato daga ƙarshen damina, kafin iskar hunturu ta kaɗa. Wanda ya jira sai ya ji kakari ya makara. Cikas ɗin shi ne kwalba guda ta fi ƙarfin kajin gida ɗaya, kuma da zarar an haɗa ta ba ta jimawa. Don haka aikin na unguwa ne: a sa rana, a rufe kaji tun da dare, mace ɗaya da aka koya wa ta bi gida-gida, tunda ita ce ke iya shiga inda malamin gona ba ya shiga.

Sai kuma laifinmu, wanda ba ma son a faɗa. Da zarar kaza ta fara layi, sai a cusa sauran a kwando a nufi kasuwa don a tsira da wani abu. Mai neman araha ya saya, ya saki cikin nasa, ya kai wa maƙwabta. Araha dai ba ta ado. Sabuwar kaza, ta saye ce ko ta kyauta, a keɓe ta mako biyu. Wadda ta mutu a binne ta da zurfi ko a ƙone, kada a wurga ta a magudanar ruwan da agwagi da tsuntsayen daji ke sha, ruwan da zai gangara ƙauyen gaba.

Nan ne batun ya wuce asarar kuɗi. Murar tsuntsaye, wadda aka fara tabbatarwa a ƙasar nan a wata gona da ke Jaji, Jihar Kaduna, a watan Fabrairun 2006, ta kuma sake ɓulla a Kano a farkon 2015, ido ba ya iya bambanta ta da Niyukasil, sai gwaji. Ita kuwa tana iya kama mutum. Idan kaji suka riƙa faɗuwa farat ɗaya, tukkunsu ya yi baƙi-baƙi, kada a yanka a fige, kada yara su taɓa, a sanar da sashen noma na ƙaramar hukuma.

Sashen kuwa ba ya bukatar sabon gini ko motoci kafin ya motsa. Yana bukatar rigakafi da wurin ajiya mai sanyi, da matan da zai horar a kowace mazaba, da sanarwa ta bakin dagatai da masu unguwanni kafin watan Nuwamba.