Fayil ɗin Argungu da ya ƙi shiga

Lokacin kakar shinkafa ne, buhunan shanshera na ta shigowa sito daga fadamun Rima, sai akawun reshen Argungu na wani kamfani ya kira ni a hedikwatarsu da ke Birnin Kebbi. Fayil ɗin sayayyar ranar ya ƙi shiga sabar, alhali da shi ake biyan manoma.

Sabar irin ta IBM ce, jikar AS/400 da ta fito a 1988, wadda tsarinta ke amsa sunan IBM i tun 2008. Ta hanyar FTP ake tura mata fayil.

Kowa ya ce netwok ne. Amma da akawun ya karanto mini abin da ke allonsa, zargin ya faɗi. Ya ga 230, wato sabar ta karɓi sunansa da kalmar sirrinsa, sai da ya zo turawa ta ba shi 550, wato ta ƙi karɓa. Da an kulle asusunsa ne saboda yawan kuskuren kalmar sirri, tun a bakin ƙofa zai ga 530. Na duba izininsa a kan ma'ajiyar fayilolin, yana nan daram.

Manaja ya ƙosa. "Malam, ka ba shi *ALLOBJ kawai mu huta."

"Ranka ya daɗe, wannan makullin gidan ne gaba ɗaya, har da albashin ma'aikata. Kuma ba lallai ya buɗe wannan ƙofar ba."

Ina jin zafin wannan shawara duk inda na ji ta, domin izinin da aka bayar cikin gaggawa da wuya a tuna a janye shi.

Sai na roƙi akawun ya zo Birnin Kebbi ya gwada da asusun nasa a kwamfutar ofis. Nan take fayil ya shige. Ashe ba mutumin sabar ke ƙi ba, wurin da yake turowa ne.

Wannan ya kai ni ga umarnin WRKREGINF. A can na ga cewa a mashigar QIBM_QTMF_SERVER_REQ akwai wata manhaja da aka dasa shekarun baya. Duk buƙatar FTP sai ta bi ta kanta, sabar tana miƙa mata sunan mai amfani, irin aikin da yake so, da adireshin IP ɗinsa. Tana barin kowa ya shiga ya duba, amma ajiye fayil sai adireshin da ke cikin jerinta.

"Malam, kun taɓa wani abu a intanet ɗinku?"

Akawun ya yi jim. "Shekaranjiya aka sauya mana kamfani, tsohon ya cika yankewa."

Sabon layi ya zo da sabon adireshi. Muka nemi kamfanin intanet ɗin ya ba reshen adireshi tsayayye, muka sa shi a jerin, muka goge tsohon. Kafin la'asar sunayen manoma sun isa teburin mai biya.