Zaɓe Ya Wuce, Bashi Ya Rage wa Ma'aikacin Filato

Sau biyu a jere sabon gwamna na shan rantsuwa a Jos ma'aikata na bin gwamnati bashin albashi: Simon Lalong a 2015, da ya gaji Jonah Jang, sai Caleb Mutfwang a 2023, wanda ya tarar da su suna yajin aiki. Abin ya wuce a kira shi tsautsayi. Tun 1975 masanin tattalin arziki Ba'amurke, William Nordhaus, ya nuna cewa gwamnati takan saki bakin aljihu gab da zaɓe, ta tsuke shi bayan an gama. A Filato kuwa kuɗin ba ƙaruwa suke yi ba, alkibla ake sauya musu. Kwalta da sabon gini suna fitowa a hoton kamfe, fansho da giratuti ba sa fitowa, shi ya sa su ake jingine wa wanda zai gaji kujera.

Wani zai ce faɗuwar farashin ɗanyen mai ce ta jawo, ba siyasa ba. Game da 2015 yana da hujja: gangar da ta haura dala 100 a tsakiyar 2014 ta faɗo ƙasa da 50 a Janairun 2015, kason jihohi ya ragu, har gwamnatin Buhari ta ba su kuɗin ceto don biyan albashi. To, 2023 fa? A 2022 mai ya yi tsada, amma tallafin fetur ya lashe abin da ya kamata ya shiga asusun tarayya. Dokar man fetur ta 2021 ta tanadi sakin farashi. A Janairun 2022 gwamnati ta ɗage cire tallafin da wata 18, wato sai bayan an kaɗa ƙuri'a. Ranar da Bola Tinubu ya sha rantsuwa, 29 ga Mayun 2023, ya ce tallafi ya tafi. Malamin firamare ya biya sau biyu ke nan, albashinsa ya maƙale, kuɗin motarsa ya tashi.

Babbar Kasuwar Taminus ta Jos ma shaida ce. Bayan ta ƙone a Fabrairun 2002 'yan kasuwa sun yi shekaru suna kasa kaya a gefen titin Ahmadu Bello, 'yan takara na alkawarin sake gina ta. Yarjejeniyar Lalong da Bankin Jaiz ta zo ne a 2022, ana saura 'yan watanni zaɓe, nan take aka mayar da ita rigimar addini da ƙabila, aikin ya tsaya cik.