Abin da hoton ƙwaƙwalwa ke nunawa game da cututtukan taɓin hankali

A shekarar 1976, likita Eve Johnstone da abokan aikinta a asibitin Northwick Park da ke Landan suka ɗauki hoton ƙwaƙwalwar wasu majinyata masu cutar sikizofiriniya, wadda kan sa mutum jin muryoyin da babu su. Sun gano cewa kogunan da ke riƙe da ruwa a tsakiyar ƙwaƙwalwarsu sun fi na masu lafiya girma. Majinyatan ba su kai ashirin ba, amma sakamakon ya ƙarfafa hujjar cewa ciwon yana barin alama a jikin ƙwaƙwalwa.

Shekaru da dama bayan haka, ƙananan bincike sun yi ta saɓa wa juna, saboda mutanen da kowanne ya duba ba su da yawa. Wannan ne ya sa a 2009 aka kafa gamayyar ENIGMA, wadda Farfesa Paul Thompson na Jami'ar Kudancin Kalifoniya a Amurka ke jagoranta, domin haɗa sakamakon hotunan na'urar MRI daga cibiyoyi masu yawa.

A 2016 gamayyar ta kwatanta masu sikizofiriniya 2,028 da masu lafiya 2,540. An samu cewa hifokamfus, sashen da ke taimakawa wajen adana abin da mutum ya koya ko ya gani, ya fi ƙanƙanta a majinyatan, haka ma talamus, wanda saƙonnin gani da ji ke bi ta cikinsa. Kogunan ruwan kuwa sun ƙara faɗi, kamar yadda Johnstone ta gani. Masu cutar baifola, wadda ke jujjuya mutum tsakanin zumuɗi mai yawa da baƙin ciki mai zurfi, sun nuna irin wannan sauyi, sai dai bai kai na sikizofiriniya ba.

A ciwon tsananin damuwa bambancin ya fi zama kaɗan. Cikin majinyata 1,728 da masu lafiya 7,199, hifokamfus ya ragu da kusan kashi 1.2 cikin 100 kacal, kuma an fi ganin hakan ga waɗanda ciwon ya sha dawo musu. Masu fama da shi karon farko ba su bambanta da masu lafiya ba.

Abin lura shi ne yadda cututtukan suka yi tarayya. Wani nazari da masana a Jami'ar Stanford suka wallafa a 2015, wanda ya tattara bincike 193, ya gano raguwa a sassa guda uku a rukunin cututtuka shida, ciki har da ciwon fargaba da shaye-shaye. Wato ƙwaƙwalwa ba ta bin iyakokin da littattafan likitanci suka shata.

Sai dai duk waɗannan alkaluma matsakaici ne na dubban mutane. Kamar a ce maza sun fi mata tsawo: gaskiya ne a jimlace, amma tsawo kaɗai ba zai bayyana jinsin mutum ɗaya ba. Akwai majinyata da yawa da hotonsu bai nuna komai ba, akwai kuma masu lafiya da hifokamfus ɗinsu ƙarami ne. Hoton kuma ba ya rarrabe abin da ciwo ya haifar da abin da magani, shekaru ko shan giya suka jawo. An ma lura cewa masu baifola da ke shan maganin litiyam ɓawon ƙwaƙwalwarsu bai sirance kamar na sauran ba.

Saboda haka har yanzu likitan ƙwaƙwalwa na gano waɗannan cututtuka ne ta hanyar tattaunawa da majinyaci da iyalinsa, da bibiyar tarihin alamomin. Idan ya tura mutum ɗaukar hoto, galibi yana son tabbatar da cewa ba ƙari, rauni ko shanyewar ɓarin jiki ne ke jawo sauyin hali ba. Iyalin da suka biya kuɗin MRI aka ce musu hoton lafiya lau yake, bai kamata su ɗauka ɗan'uwansu ƙarya yake yi ba, ko su dakatar da maganinsa.