Daga randa zuwa kofin shayi: Yadda hannun Ladi Kwali ya sauya a Suleja

Duk ma'aikacin da ke kwana a Suleja yana sammakon Abuja ya taɓa riƙe hoton Ladi Kwali a tafin hannunsa. Tana bayan takardar Naira 20, wadda jama'a ke kira Murtala, tun lokacin da Babban Bankin Najeriya ya fito da ta leda a 2007. Akasarin mutane sun san ta da ginin tukwane. Kaɗan ne suka lura cewa mai zane ce, kuma a cikin shekara 30 da ta yi tana aiki a garin, daga 1954 zuwa rasuwarta a 1984, zanenta ya bi irin hanyar da zanen masu littattafan barkwanci ke bi: ya fara da abin da aka gada, kayan aiki suka tanƙwara shi, daga ƙarshe ya zama nata ita kaɗai.

Masu bibiyar irin waɗannan littattafai sun san wannan sauyi. Ba'amurken nan Charles Schulz ya zana Peanuts shi kaɗai daga 1950 zuwa 2000. A farko karensa Snoopy da ƙafa huɗu yake tafiya kamar kowane kare, daga baya ya miƙe a kan ƙafa biyu. Da hannun Schulz ya soma rawa a shekarun 1980, layinsa ya riƙa karkarwa, masu karatu kuma suka karɓi karkarwar a matsayin shaidar hannunsa. Shi kuwa Hergé na ƙasar Beljiyam, wanda ya ƙirƙiro Tintin a 1929, ƙarancin takarda a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu ya sa aka ƙayyade masa shafi 62 ga kowane littafi, aka kuma koma bugawa da launi. Dole ta sa ya sake zana wasu tsofaffin labaransa, ya tsaftace layi, ya rage tarkace. A wajen mutanen biyu, shekaru da kayan aiki ne suka ƙera salon.

Labarin Ladi Kwali haka yake, sai dai ita yumɓu ne takardarta. An haife ta wajajen 1925 a ƙauyen Kwali na ƙasar Gwari, inda ginin tukwane sana'ar mata ce. A wurin gwaggonta ta koya. Maginiyar Gwari ba ta juya tukunya. Ita ce ke zagaya ta, tana ɗora murɗaɗɗen yumɓu a kan wani, tana laulaye shi da hannu har randa ta tashi. Kafin jikin ya bushe sai ta yi masa ado: ta mirgina murɗaɗɗen zare ko ɗan icce mai tsaga don fitar da layuka, ta raba jikin randar gida-gida, sannan ta ɗauki tsinke mai kaifi ta zana ƙadangare, kunama, kada, hawainiya, maciji, kifi ko tsuntsu a cikin kowane gida. Wanda ya zagaya irin wannan randa yana bin gidajen ɗaya bayan ɗaya, kamar mai bin akwatunan zane a shafin littafi. Bayan haka a tara busassun itatuwa da ciyawa a gasa ta a fili.

Kyawun hannunta ya kai randunanta fadar Sarkin Abuja, Alhaji Sulaimanu Barau, wanda daga sunansa aka samo Suleja bayan an ɗauki sunan Abuja an bai wa sabon babban birnin tarayya. A fadar ce Baturen Ingila Michael Cardew, jami'in ginin tukwane na gwamnatin mulkin mallaka, ya fara ganin aikinta. Cardew ya buɗe cibiyar koyar da ginin tukwane a garin a 1952, Ladi ta shige ta a 1954, ita ce mace ta farko a cikinta.

A nan hannunta ya yi sauyi na farko. Ta koyi ginin tukunya a kan faifai mai juyawa, ta soma fitar da kwanuka, farantai da kofuna. Jikin kofi bai kai tafin hannu biyu ba, don haka ƙadangaren da ke miƙe ƙafa a jikin randa dole ya takure. Salon zanen ma ya canza: a tsoma kwanon cikin ruwan farar ƙasa ko ja, sannan ta karce shi da ƙayar beguwa har launin yumɓun ƙasa ya bayyana. Irin wannan zane ba ya karɓar gyara, layin da aka ja ya zauna ke nan. Ya koya mata saurin hannu da tsimin layi, ta yadda 'yan karce kaɗan ke isa a gane kifi ko tsuntsu.

Sauyi na biyu ya faru ne a kan randar kanta. Ladi ba ta bar ginin hannu ba, amma yanzu da yumɓun cibiyar take yi, wanda ake gasawa a rufaffiyar matoya da zafin da ya haura digiri 1,200. Takan cika tsagar zanenta da farar ƙasa, a lulluɓe jikin da ruwan sheƙi mai nuna abin da ke ƙarƙashinsa. Layin da a da sai an matso ake ganinsa ya koma yana haske daga nesa. Sai dai an biya kuɗin wannan kyau. Randar Gwari tana sanyaya ruwa ne saboda jikinta na tsattsafo. Wadda aka yi wa sheƙi ta toshe, ga nauyi. Ta tashi daga kayan tsakar gida ta koma abin kallo. Dabbobin da ke jikinta kuwa ba su canza ba, su ne dai na Kwali, kamar yadda Snoopy ya ci gaba da zama Snoopy ko da ya miƙe tsaye.

Da wannan salo duniya ta san ta. An baje kolin aikin cibiyar a Landan a 1958, 1959 da 1962. A 1972 ta zagaya Amurka tare da Cardew tana nuna yadda ake gina randa. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba ta digirin girmamawa a 1977, gwamnatin tarayya kuma ta ba ta lambar yabo ta ƙasa ta masu ilimi da fasaha a 1980, alhali ba ta yi karatun boko ba. Haruffa biyu, LK, da ake bugawa a jikin aikinta, su ne sa hannunta.

Abin lura ga masu riƙe da alƙalamin gwamnati shi ne tsawon lokacin da salon ya ɗauka kafin ya nuna. Ladi ta shiga cibiyar da gwanintarta, amma sai da ta samu wurin zama ɗaya, da yumɓu, da matoya, da abokan aiki na shekaru masu yawa kafin hannunta ya kai inda ya kai. Shigarta ta buɗe ƙofa ga wasu mata irin su Halima Audu, Asibi Ido da Kande Ushafa. Magdalene Odundo, 'yar asalin Kenya da ta yi suna a Birtaniya, ta zo nan a 1974 ta koyi ginin hannu. Bitar mako biyu da takardar shaida ba sa haifar da irin wannan.

Cibiyar tana nan a Suleja, tana ɗauke da sunan Ladi Kwali, amma ta daɗe da barin aiki yadda aka san ta. Tukwanenta na ajiye a gidajen tarihi na Landan, an raɗa wa titi sunanta a Abuja. Yarinyar da ke zanen ƙadangare a bayan littafin makaranta a Suleja ko Madalla tana iya ganin hoton Ladi a jikin canjin da aka miƙo mata a kanti. Abin da take buƙata shi ne wurin da za ta zauna shekara da shekaru, har nata hannun ya sauya.